Daidaita kabureta bayan an cire akwatin iska kuma an sauya salansa

MaiBabur_Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kabureta. Babur ɗina mai injin 125 ne, irin waɗanda aka ƙera bisa tsarin Honda CG125, kuma har yanzu kaburetar da ya zo da ita ce a jikinsa. Kwanakin baya na cire akwatin matatar iska, na sa ƙaramar matata wadda ake ɗaure wa bakin kabureta kai tsaye, sannan na sauya salansa da wata wadda ba ta da shamaki a cikinta. Tun daga lokacin ba ya tashi da safe sai da cok, idan na murɗa totur da sauri sai ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka, idan kuma na saki totur sai salansa ta riƙa fashe-fashe. Inji yana ɗaukar zafi fiye da da, kuma da na kwance fulogi na tarar bakinsa ya yi fari fat. Wani bakanike ya ce a faɗaɗa ramin jet (ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa a kabureta) da waya, wani kuma ya ce in sayi kabureta mafi girma. Wanne ya kamata in bi?

TsohonBakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu tukuna. Alamomin da ka lissafa duk suna nuna abu guda, wato iska ta yi wa mai yawa. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan an haɗa kashi ɗaya nasa da kimanin kashi 14.7 na iska bisa nauyi, inji kuma ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka, wajen kashi ɗaya ga iska 12.5 zuwa 13. Akwatin da ka cire yana ɗan tauye iska, wannan tauyewar kuwa tana taimaka wa kabureta ta zuƙo mai daga kwanonta. Da ka cire shi, iska ta ƙaru, ƙarfin zuƙar mai kuma ya ragu. A injin da iska kaɗai ke sanyaya shi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan aka daɗe ana gudu a haka bawul ɗin hayaƙi yana iya ƙonewa, fistin ma yana iya hujewa.

Abin da kanikawa da yawa ke mantawa shi ne kabureta ba ta da hanyar mai guda ɗaya. Daga silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba, zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jet da sukurun gauraya (mai daidaita haɗin mai da iska) ne ke aiki. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar da ke cikin kabureta ce ke ƙayyade yawan man da ke fitowa. Babban jet ba ya karɓar aikin gaba ɗaya sai an kusa ƙure totur. Saboda haka wanda ya ƙara babban jet don ya magance wuyar tashi da safe ya taɓa wurin da babu ruwansa da matsalar. Ka manna ɗan tef a hannun totur, ka yi masa alamar rubu'i, rabi da ƙarshe, domin ka san a daidai ina babur ɗin yake gazawa.

Kafin ka sauya komai, ka tabbata babu iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Ka duba robar da ke haɗa kabureta da inji ko ta tsage, ka duba gasket ɗin da ke bakin salansa, domin sau da yawa ba a sa sabo idan an sauya salansa, kuma iskar da ke kutsawa ta nan ita kaɗai ta isa ta haddasa fashe-fashen da kake ji. Ka daidaita tazarar bawul alhali inji yana sanyi, ka wanke kabureta, ka kuma duba cewa mai yana tsayawa a matakin da ya dace a cikin kwano.

Daga nan ka fara da ƙasa. A mafi yawan kaburetocin irin wannan babur, sukurun gauraya yana gefen inji, mai yake sarrafawa, don haka kwance shi yana ƙara mai. Idan kuwa ka gan shi a gefen matatar iska, to iska yake sarrafawa, kwance shi rage mai ne. Ka ɗaure shi a hankali har ya zauna, ba tare da matsawa ba domin bakinsa siriri ne, sannan ka kwance zagaye biyu, ka bar inji ya yi ɗumi, ka riƙa juyawa rubu'i-rubu'i har ka sami inda silo ya fi tashi kuma ya fi natsuwa. Idan sai da ka wuce zagaye uku kafin ya daidaita, ƙaramin jet ya yi kaɗan, sai ka hau mataki guda, misali daga 35 zuwa 38.

Allura kuwa, idan mai tsaga biyar ce, saukar da maƙalinta tsaga ɗaya yana ɗaga ta, mai ya ƙaru a tsakiyar totur. Shi babban jet, ka karanta lambar da ke jikinsa ka sayi biyu ko uku na gaba da shi. A tsarin kamfanin kabureta na Keihin lambar faɗin rami ce, 95 na nufin milimita 0.95, kuma da yake yawan mai yana bin faɗin filin ramin ne, tashi daga 95 zuwa 100 ya kai ƙarin kusan kashi 11 cikin ɗari, daga 95 zuwa 110 kuwa ya haura kashi 30. Wannan lissafin shi ne dalilin da ya sa ban yarda da faɗaɗa jet da waya ba: babu mai iya auna abin da ya yi, ramin ba ya fita da'ira sosai, kuma ba a iya mayar da shi. Lambobin kamfanin Mikuni tsarinsu daban ne, kada ka gwada su da na Keihin.

ƊanFilato ya rubuta:

Bayanin Maigida ya gamsar, sai dai ina so in ƙara cewa babu wanda zai iya ba ka lambar jet daga nesa, ko da baburanku iri ɗaya ne. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma iska tana raguwar nauyi yayin da ake hawa sama. Babur da aka daidaita a Kano yakan ɗan yi yawan mai idan ya zo nan, ko da yake sanyin Jos yana rage bambancin. Haka ma a gari guda: iskar asubahin hunturu ta fi ta tsakar ranar Afrilu nauyi, saboda haka wanda ya daidaita nasa a bakin iyaka lokacin bazara zai ga ƙarancin mai ya dawo a watan Disamba. Gara a bar shi ya ɗan karkata wajen yawan mai.

Akwai gwaji mai sauƙi na babban jet. A kan hanyar da babu cunkoso, ka ƙure totur a babbar giya, sannan ka ɗan sassauta kaɗan. Idan ka ji babur ya ƙara ja, jet ya yi ƙanƙanta. Idan kuwa yana sarƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi a ƙarshen totur, ya yi girma. Karatun fulogi ma yana da ƙa'ida: da sabo ake yi, a yi gudu da cikakken totur, a kama kuloci a kashe makulli nan take, sannan a kwance. Idan ka bari ya yi silo kafin ka kashe, abin da za ka karanta aikin ƙaramin jet ne. Launin ruwan ƙasa-ƙasa ake nema a bakin fulogi.

MaiSayarDaKayanGyara ya rubuta:

Ni kam, da a ce za ka ji shawarata, da ka mayar da akwatin iska. Ina sayar da waɗannan ƙananan matatu, amma ba na ɓoye wa mai saye cewa yawancin masu araha ba sa tare ƙurar hunturu, kuma a damina ruwa yana dukansu kai tsaye. Ƙurar da ta wuce tana cin zobban fistin da bangon silinda, kafin a ankara babur ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, kuma babu jet ɗin da ke gyara wannan. Ƙarfin da injin 125 zai ƙara da buɗaɗɗiyar matata kaɗan ne ƙwarai. Yawancin abin da mutum ke ji ƙara ce, sai ya ɗauka gudu ne. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane ƙarin jet kuɗi ne da za ka riƙa biya a gidan mai.

Batun babbar kabureta kuwa, ban ga amfaninsa ba a injin da ba a taɓa cikinsa ba. Idan bakinta ya yi faɗi, gudun iskar da ke ratsa ta yana raguwa a ƙaramin totur, mai ba ya zuƙuwa da kyau, kuma wannan jinkirin ɗauka da kake kuka da shi ƙaruwa zai yi.

TsohonBakanike ya rubuta:

Na yarda da Alhaji a kan akwatin iska, amma a kan salansa ina da sassauci. A inji mai bugu huɗu irin wannan, sauya salansa kaɗai ba ya dagula mai kamar yadda cire akwati ke yi, kuma sau da yawa ɗan kwance sukurun gauraya da ɗaga allura tsaga guda ya wadatar. Abin da za a iya rasawa shi ne ƙarfin ja a ƙananan giya idan bututun ya yi faɗi da yawa. Masu inji mai bugu biyu, irin Jincheng AX100, su kam kada su ɗauki wannan sassaucin, domin a wurinsu siffar salansa tana cikin abin da ke cika silinda, kuma ƙarancin mai yana saurin sa fistin ya kama.

Malam, ka mayar da akwatin, ka sa sabon gasket a bakin salansa, ka hau ka ji abin da ya rage. Duk abin da za ka sauya bayan nan, ka sauya guda ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu, kana rubuta lambar jet da tsagar allura da zagayen sukuru a takarda.

MaiBabur_Kano ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da akwatin iska, kuma da muka kwance salansa mun tarar babu gasket a bakinta sam. Yanzu fashe-fashen sun ragu sosai, yana kuma tashi ba tare da wahala ba. Saura ɗan jinkiri da nake ji a wajen rabin totur. Allurar da ke ciki ba ta da tsaga ko ɗaya, maƙalinta a wuri guda yake. Shin zan iya sa siririn wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashinsa don in ɗaga ta, kuma kaurin nawa ya kamata in fara da shi?