Gane kuskuren bugu a jikin tsabar kuɗi: abin da masana suka tattauna

Masu tara tsabar kuɗi sun yi ittifaƙi cewa yawancin abin da ake kawowa a matsayin kuskuren bugu lahani ne da ya samu kuɗin bayan ya fito kasuwa. Kuskuren da ke da daraja shi ne wanda ya faru a masana'anta, wajen yin hatimin bugu ko yanka farantin ƙarfen.

An fi daɗewa a kan sentin Amurka na 1943. A shekarar an buga shi da ƙarfe maimakon tagulla saboda yaƙi, amma ƙalilan sun fito da tagulla bisa kuskure, kuma ana sayensu da tsada ƙwarai. Gwajin farko maganaɗisu ne: in ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla. Sai sikeli: na tagulla giram 3.11, na ƙarfe 2.7. A kuma duba lambar 3 da gilashin ƙara girma, don wasu na kankare 8 ɗin 1948 ya koma 3.

Rubutu mai ninki biyu, irin na sentin 1955, daga hatimin yake: haruffan a rabe, kowanne a cike. In ninkin shafaffe ne, hatimi ne ya girgiza, darajarsa kaɗan ce.

Wani kuskuren masana'anta da aka ambata shi ne pens 20 na Ingila na 2008 da ya fito babu shekara a jikinsa.

Kada a goge ko a wanke kuɗin, hakan na karya farashi. Mai tsada a kai shi PCGS ko NGC, kamfanonin tantance tsabar kuɗi na Amurka, su tantance.