Waɗanda suka ci tuwo a sana'a fiye da ɗaya, ku zo mu yi shawara

Mai Shagon Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana ne ya sa na buɗe wannan zance. Shekararsa huɗu yana aikin jinya na kwantaragi a wani CSI, wato ƙaramar likita ta gwamnati, a karkara. Daren jiya bayan isha'i ya zauna gabana ya ce zai aje, yana so in ɗora shi kan kasuwa. Na kwana ban ba shi amsa ba, domin ni kaina aiki huɗu na yi a rayuwata, kuma har yau ban gama sanin wanne ne na bari da gaskiya, wanne ne na bari cikin ɓacin rai ba.

Na sa kakin ɗan sanda a 1989 bayan horo a Yamai. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a lokacin sun san abin da ya biyo baya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka, albashi kuma sai a yi wata biyu, wata uku ba a gan shi ba. Akwai mai kanti a unguwarmu da ke rubuta mini shinkafa da sabulu a littafi. Ranar da ya rufe littafin nan a gaban maiɗakina, ta dawo da kwano wayam ba ta ce mini komai ba, ranar na san cewa ko in fara karɓar abin da ba nawa ba, ko in tuɓe kakin. A 1998 na tuɓe.

Na yi ƴan shekaru ina bin motocin wake da aya na wani alhaji zuwa Jibiya. Sai yunwar 2005 ta zo, ƙungiyoyin agaji suka cika Maraɗi suna neman masu iya karatu da rubutu. Aka sa ni wurin awon yara masu tamowa. Ba na manta zaren awon nan mai kala uku da ake zagaya wa yaro a damtse. Uwa ba ta kallon zaren, fuskarka take kallo. Idan ya tsaya kan ja, kafin ka buɗe baki ta riga ta gane. Wannan aiki ya shiga raina har na koma lakwal da furfurata na yi karatun taimakon likita. Da kwantaragin ya ƙare, mai unguwarmu ya jawo ni zaman sulhu saboda na iya rubuta takardar yarjejeniya yadda alƙali zai karɓa. Tun 2014 kuma ina shago, ina sayar da kayan masarufi.

Abin da nake roƙo: duk wanda ya taɓa aje wani aiki ya kama wani, ya faɗa mana abin da ya tarar. Yaron nan zai karanta.

Tsohuwar Manjo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya shirya mana zuri'a. Ni ENSP, makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta Damagaram, na yi, na yi shekara ashirin da huɗu ina jinya, bakwai daga ciki ina manjo, wato ni ke riƙe da CSI. Ciwon baya ne ya zaunar da ni, na buɗe shagon atamfa da kayan jarirai a Sabon Gari.

Ka gaya wa ɗanka cewa farar riga ba ta tuɓuwa. Shi zai aje ta, mutane ba za su aje ba. Wata Litinin, ranar kasuwa, wata yarinya ta shigo tana taya zane, da goyo a bayanta. Ina auna mata yadi kunnena yana kan numfashin yaron. Na ce ƴata, sauke shi. Da na ɗaga rigarsa, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska. Na buɗe agogon waya na ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, na ga ba na zama ba ne. Ta ce ai ta saya masa sirop wurin mai tebur, kuma kuɗin da ke hannunta na zanen suna ne. Na tuna mata cewa tun 2006 gwamnati ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba a biya masa kuɗin gani, ko da wani lokaci sai ka sayi magani a waje. Na tare kabu-kabu da kaina na biya. Bayan mako biyu ta dawo da yaron yana wasa da ɗankunnenta, ta sayi zanen.

Wannan shi ne mai daɗin. Mai wuyar kuma, kusan kullum sai an zo mini da kwalbar allura cikin leda a ce Hajiya taimaka ki yi mini. Har wani ya ba ni shawara in aje kwalin magani ƙarƙashin kanta, wai ya fi atamfa riba. Ya fi ɗin, na sani. Na ƙi, kuma ina roƙon ɗanka tun yanzu ya yi wa kansa alkawari zai ƙi, domin shi za a fi matsa wa, namiji ne kuma matashi. Allurar da ba ka san wanda ya rubuta ta ba, ba ka san ranar da ta sha a kan tebur ba, in ta kashe mutum a shagonka babu takardar da za ta cece ka, gaban hukuma ko gaban Allah.

Sai bashi. A likita an koya mini ban iya juya wa mai buƙata baya. Na shigo kasuwa da wannan hali, shekarar farko mata suka riƙe mini sama da jika ɗari huɗu. Sai da wata tsohuwar ƴar kasuwa ta zaunar da ni ta ce sadaka daban, jari daban, ki ware na sadakar ki bayar da zuciya ɗaya, sauran ki tsare.

Ɗan Bagalam:

Baba, ni malamin lakwal ne na kwantaragi, na koma kabu-kabu, yanzu ina sayar da wayoyi da caja. Magana ɗaya gare ni: kada ya ɗauka kasuwa mafaka ce. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Muna cikin farfaɗowa aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa takunkumi, hanyar Ɗan Isa ta sake mutuwa, wuta ma aka yanke. Kayana daga Kano suke zuwa. Na yi wata biyar ina cin jari, wanda ke da albashi ko ƙanƙane ne shi muke bi bashi a lokacin. In zai shigo ya shigo, amma ya riƙe abin da zai ci na wata shida a gefe.

Dattijon Gidan Rumji:

Alhaji, da ka ambaci sulhu sai na ji dole in sa baki. Na yi jandarma har na yi ritaya, yanzu shekara goma sha ɗaya ina zama cikin kwamitin filaye da ake kira COFO, wanda dokar karkara ta 1993 ta kawo. Mu mutanen wannan yanki ba ma wasa da rikicin manomi da makiyayi. Muna da Toda a zuciya. A Oktoban 1991 mutum fiye da ɗari suka mutu can, akasarinsu mata da yara. Duk sanda aka kira ni kan ɓarnar gona, da wannan nake tafiya.

Na zaci kakin da na sa zai sauƙaƙe mini. Shi ya fi wahalshe ni. A jandarma kai ke tambaya, kai ke yanke wa mutum magana, kana neman wa ya yi, yaushe, da me. Zaman farko da na yi a fadar wani hakimi, haka na dinga jefa wa Bafulatanin tambaya. Ya rufe baki ruf, ya juya fuska. Bayan an tashi wani tsohon dogari ya ja ni gefe ya ce, ranka ya daɗe, a nan ba mai laifi muke nema ba, mutum biyu muke nema da za su iya haɗuwa a rijiya gobe.

Yanzu ga yadda nake yi. In shanu suka shiga gona kafin ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa bayan girbi, ba ma zama a gari. Gonar muke zuwa, da mai gona, da mai shanu, da wakilin kowanne. Mu bi sawu mu ga ta ina suka shigo. Sau da yawa a nan gaskiya ke fitowa, domin sai ka tarar manomin ne ya ci burtali da garma shekara da shekaru har hanyar ta zama ba ta wuce saniya biyu a jere. Mu taka wurin ɓarnar da ƙafa, mu ƙiyasta dami nawa zai bayar, mu dubi kuɗin tiyar gero a kasuwar wannan makon. Sannan a shimfiɗa tabarma, a sha ruwa, a bar kowa ya yi maganarsa har ta ƙare ko da ta kai awa ɗaya. Ban taɓa ganin an yi saurin sulhu ya ɗore ba.

Abin da kakin ya bar mini mai amfani shi ne rubutu. Sulhun baki yana mutuwa da shaidunsa. Ni sai na rubuta, kowa ya dangwala yatsa, hakimi ya buga hatimi, kowa ya tafi da kwafinsa.

Ɗanka kuwa, a tambaye shi da kyau: aikin ne ya ishe shi, ko wurin? Na ga matasa da yawa da ƙauyen ne ya gundure su, ba sana'ar ba.

Ƴar Kaki:

Ina gaida iyayena. Ni tawa hanyar ta juya ce. Tun ina ƴar shekara sha huɗu nake tsaron shagon yayata a babbar kasuwa, bayan na samu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, na yi jarrabawar shiga ƴan sanda, yanzu ina ɓangaren da ke karɓar ƙarar mata da yara. Inna Manjo, ki gafarce ni, ina ganin kun ɗan tsorata shi da yawa. Ni kasuwa ce ta yi mini tarbiyyar aikin da nake yi yanzu. A can na koyi gane macen da ta zo saye da wadda ta zo don ta samu inda za ta zauna minti goma ba a daka mata tsawa ba. Irin su ne ke zuwa ofishinmu. Mace za ta ce ta zo kan batun wayar da ta ɓata, alhali mayafinta na rufe da kumburi a wuya. Abokan aikina da suka zo kai tsaye daga lakwal sai su rubuta waya su sallame ta. Ni nakan ce a kawo mata ruwa, in rufe ƙofa.

Kuma yawancin abin da ke zuwa kwamisariya ba ya kai wa kotu. Rikicin kishiyoyi, kuɗin adashe, yaro ya ɗauki babur ɗin maƙwabci. Sulhu ne muke yi da kaki a jiki, shi ya sa maganar Baba na Gidan Rumji ta shige ni. In yayana yana jin zuciyarsa ta fita daga jinya, kada a tilasta shi. Majinyaci yana gane hannun da ba ya son taɓa shi.

Tsohuwar Manjo:

Ƴata, kin yi gaskiya a wannan ta ƙarshen, na ga irin hannun nan kuma na tsawatar a kansa. Ban ce kada ya fita ba. Ƙofar nake so ya bari a buɗe. Kafin ya aje ya karɓi takardar shaidar aiki ta duk shekarun nan huɗu, da sa hannu da hatimi, ya yi sallama da shugabansa cikin mutunci, kada ya ɓace kawai kamar yadda wasu ke yi. Kuma ko yana kasuwa ya dinga karɓar gadin dare a wani kilinik sau ɗaya ko biyu a mako. Hannun da ya shekara biyu bai nemi jijiya ba sai ya yi rawa, balle jijiyar jariri.

Mai Shagon Zariya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganar takarda ta taɓa ni a inda ke ciwo. Shekara tara na yi da kaki, ba su kai na fansho ba. Na ƙungiyar agaji kwantaragi ne gajeru-gajeru, wasu takardun ma ban karɓa ba don a lokacin ban ga amfaninsu ba. Zaman sulhu kuwa goro ne da addu'a. Yau ina da shekara sittin ba ni da ko dala da ke shigowa ƙarshen wata, in ban buɗe shago ba ba a ɗora tukunya. Abokaina da suka daure suka ci bashin nan na shekarun 1990 yanzu suna karɓar nasu. Ban yi nadamar ƙin cin haram ba, amma wannan lissafin ban taɓa yi wa yaron shi ba, kuma ya kamata ya ji shi daga bakina.

Na yi masa tambayar Dattijo da safen nan. Ya yi shiru, can ya ce shi kaɗai ne ma'aikaci a wurin in manjo ya yi tafiya, dare da rana, kuma a watan jiya wata mai naƙuda ta rasu a hannunsa suna jiran mota. Bai taɓa gaya mini ba sai yau. Hajiya, in kin yarda zan kawo miki shi shago ranar Juma'a bayan la'asar, in kasuwa ta lafa. Akwai abin da zai iya faɗa miki wanda ni ba zan gane ba.

Tsohuwar Manjo:

Ka kawo shi, Alhaji. Ka bar mini shi mu biyu, kai ka koma shagonka. Ya zo da littafin da yake rubuta masu haihuwa in yana da kwafi, mu duba daren nan tare.