Neman kalmar Hausa: me za mu kira "castle" na birnin Prag?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum jama'a. Ƙarfe huɗu na yammar yau za a naɗi shirina kan tsoffin biranen Turai, ga kalma ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: castle. Maganar Prag ce, babban birnin Jamhuriyar Cek. Ginin yana kan tudu a gefen kogin Vltava, an kafa shi tun ƙarni na 9, har yau kuma a can ofishin shugaban ƙasa yake. Na rubuta "fada", edita ya ce fada ba ta nuna kariyar yaƙi. A agaza.

Bakano: Fada ce mana. Editan naki ya taɓa zuwa Gidan Rumfa? Tun ƙarni na 15 yake tsaye da katangarsa, ba wanda ya ce ba fada ba ce.

Malamin Hausa: Wa alaikumussalam. Editan yana da gaskiya ta wani gefen. Fada wurin zaman sarki ne da fadawa, inda ake shari'a da gaisuwa. Castle kuwa da niyyar yaƙi ake gina shi tun daga tushe. Gwada "kagara", ko "fada mai ganuwa".

Bazazzagiya: Allah gafarta Malam, ka ce kagara a rediyo, rabin masu sauraro garin Kagara na jihar Neja za su ɗauka.

Ɗan Wurno: Ribaɗi. Kalmar tana nan, ba sai an ƙirƙira ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zauna a ciki, can kuma kabarinsa yake. Mazaunin mai mulki da tsaro a wuri guda, me ya rage?

Malamin Hausa: Abin da ya rage shi ne ribaɗi na tsaron iyakar Musulmi ne. A tsakiyar na Prag akwai babbar majami'ar Waliyyi Vitus, wadda aka soma ginawa a 1344, ba a kammala ba sai 1929. Ka ce "ribaɗin Prag" ka ga yadda wayoyi za su cika tashar.

Mai Shirin Rediyo: Wannan majami'ar ma na cikin matsalar. Abin ba gini ɗaya ba ne. Akwai majami'u, fadoji, hasumiyoyi, lambuna, da wani ɗan lungu mai ƙananan gidaje inda masu gadi suka zauna a da. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita 70,000. Kamar unguwa ce guda.

Ɗan Damagaram: To ai birni kenan, Hajiya. Asalin birni gari ne mai ganuwa. Mu a Damagaram har gobe tsohuwar unguwar da fadar Sarki take ciki Birni muke ce mata.

Bakano: Sai ta ce "birnin da ke cikin birnin Prag"? Haba dai.

Sarkin Ƙirƙira: Ku saurara. FADAGANU. Fada da ganuwa, an haɗe. Jam'i: fadaganai. Na daɗe ina ba da wannan shawara ba a kula ni. Jamusawa kullum haɗa kalmomi suke yi, mu me ya hana mu?

Bazazzagiya: Fadaganu kamar sunan maganin basir.

Sarkin Ƙirƙira: Haka aka yi wa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" dariya, yau ga ta a bakin kowa.

Bakano: A bakin kowa kwamfuta take, Yallaɓai.

Almajirin Zaure: Me zai hana "ƙasaru"? Tsofaffin malamanmu suna amfani da ita a wa'azi da waƙa.

Sarkin Ƙirƙira: Ga irinta nan. Da an rasa kalma sai a ruga Larabci ko Turanci, kamar Hausa marainiya ce. Harshen da miliyoyi ke magana da shi daga Kano har Sudan ya kasa haifar kalma ɗaya?

Almajirin Zaure: Ranka ya daɗe, ko a jimlar taka akwai kalmomin aro. Kalma Larabci ce, miliyan Turanci ce. Har hasumiyar da Hajiya ta ambata ba a Gobarau aka haife ta ba.

Bakatsine: A bar Gobarau a gefe don Allah. Kuma tunda ana lissafin fadoji, Gidan Korau na nan, ba Kano kaɗai ke da tarihi ba.

Bakano: Wa ya taɓo ku?

Hajiya daga Nima: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu a Gana in aka ce castle, ba sarki ne ke fara zuwa mana a rai ba. Elmina muke tunawa, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ɗakunan ƙasa inda aka tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Na Osu a Ankara, babban birninmu, kuma gwamnati ta daɗe tana zaune a ciki. Duk wanda ya ce "fadar Elmina" ya yi wa waɗanda suka mutu a can rashin adalci. Don haka kada a nemi kalma ɗaya da za ta rufe duka.

Malamin Hausa: Hajiya ta gama magana. Su kansu mutanen Cek kalma biyu gare su: hrad ga wanda aka gina don tsaro, zámek ga gidan alfarma na masu sarauta. Na Prag hrad suke ce masa, alhali sarakunan Bohemiya, tsohuwar masarautar ƙasar, sun zauna a ciki. A duba aikin ginin, sannan a zaɓi kalma.

Mai Shirin Rediyo: Saura awa ɗaya da rabi. Ga abin da na rubuta, a gyara min: "A kan tudun da ke kallon kogin akwai tsohuwar fada mai ganuwa, wato Fadar Prag. Daga tagarta ne a 1618 'yan Furotesta suka wurgo wakilan sarki biyu da magatakardansu. Duka ukun sun rayu, amma rikicin ya zama mafarin yaƙin shekara 30. Daga ƙasan tudun, gadar dutse da Sarki Charles na Huɗu ya aza harsashinta a 1357 za ta kai ka tsohon gari, inda agogon taurari na 1410 yake."

Malamin Hausa: Ya yi. Sai dai ki ce "jefo" maimakon "wurgo", ya fi dacewa da rediyo. Bayan ambaton farko ki ci gaba da "fadar" kawai.

Bakano: Wato dai an dawo kan fada. Tun da safe na faɗa.

Ɗan Wurno: Ban gamsu ba, amma lokaci ya ƙure mata.

Sarkin Ƙirƙira: Kalma uku inda ɗaya ta isa. Ku je, wata rana za ku nemi fadaganu.

Bazazzagiya: Yaya, tambaya ta ƙarshe: sunan kogin nan, yaya za ki furta shi? Baƙaƙe uku a jere ba wasali.

Mai Shirin Rediyo: Kogin da ya ratsa birnin zan ce, in wuce. Na gode, na shiga ɗakin naɗi.