Abin da na tsinta a hirarmu kan nasarar 'yan ra'ayin riƙau a 2024

Wata rana da daddare mun zauna muna bitar shekarar 2024, hira ta karkata kan yadda 'yan ra'ayin riƙau suka yi kaka-gida a Amurka, to ga shawarwarin da na kwaso.

Mafi yawa sun ce kar a ɗauki nasarar Trump kamar guguwar da ta share kowa. Eh ya samu kujerun wakilan zaɓe 312, Kamala Harris 226, ya cinye duk jihohi bakwai ɗin da ake kokawa a kansu, amma ƙuri'un jama'a ko kashi 50 bai cika ba, kuma a majalisar wakilai jam'iyyarsa ta Republican ta samu kujeru 220 ne, Democrat 215, ka ga mutum uku suka yi bore shikenan doka ta maƙale. A majalisar dattawa ma Republican kujeru 53 suka samu alhali yawancin dokoki sai da ƙuri'a 60.

Wani dattijo cikinmu ya ce ku dinga kallon farashin kayan abinci da kuɗin haya kafin aƙida, don mutane fushi suka yi da masu mulki kawai, shi ya sa a Birtaniya aka yi akasin haka, 'yan ra'ayin riƙau na jam'iyyar Conservative mai mulki suka faɗi warwas a Yuli, kujeru 121 kacal suka tsira da su. Ni dai wannan maganar ta fi shiga kaina wlh, duk da a Ostiriya jam'iyyar FPÖ mai tsattsauran ra'ayin riƙau ta zo ta ɗaya a Satumba kuma can batun baƙin haure ne ya ɗaga ta.

Masu 'yan uwa a Amurka kuma an ce su gaya musu su gyara takardunsu na zama a ƙasar tun kafin rantsar da Trump a ranar 20 ga Janairun 2025.