Wa ya fi iya warware sautin fim, amfilifaya ko kwamfuta?

Alhaji, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, idan ana kallon fim daga kwamfuta, an haɗa ta da amfilifaya ta wayar HDMI, sautin da aka tura a ƙulle, wato a matse yadda yake a cikin fim ɗin, domin amfilifaya ta warware shi da kanta ya fi wanda kwamfuta ta warware ta aika a matsayin PCM, wato warwararren sauti. A falona na gwada da manhajar Kodi. Duk lokacin da amfilifaya ta nuna DTS-HD (sunan tsarin sautin da ke ƙulle) a fuskarta, wufa, wato lasifikar ƙugi, har gilashin taga take girgizawa, maganar 'yan wasa kuma ta fito tar, amma da ta nuna PCM sai sautin ya yi sanyi. Wannan da kunnena na ji.

Injiniya, Yelwa:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ban musanta abin da ka ji ba, dalilin da ka ɗora shi a kai ne ban yarda da shi ba. DTS-HD Master Audio da Dolby TrueHD tsare-tsare ne da ake matse sauti ba tare da an zubar da komai ba, kuma abin da ke fitowa idan an warware su PCM ne, ko a ina aka warware. Kamar buhun gero ne a ɗaure, ko a kasuwar Muda Lawal aka kwance shi ko a tsakar gida, mudun da ke ciki bai ƙaru ba. Ita kanta amfilifaya PCM take mayar da shi kafin ya kai ga lasifika. Abin da ya kamata a bincika shi ne hanyar da sautin ya bi a cikin kwamfuta. Idan an bar Windows a kan lasifika biyu, to tashoshi shida na 5.1 (lasifika biyar da wufa ɗaya) za a cusa su cikin biyu, kuma a wannan haɗawar galibi ana jefar da tashar wufa gaba ɗaya, sai ƙugin ya ɓace. Ban da haka, Windows yana bi da sautuka ta mahaɗinsa, inda ƙarar kwamfuta da sauran gyare-gyare ke taɓa su, alhali sautin da aka tura a ƙulle ba ya bi ta nan. Tun zamanin Windows Vista akwai WASAPI, wanda ke ba manhaja damar riƙe mafitar sauti ita kaɗai.

Mai gyaran kayan sauti, Wunti:
Injiniya ya yi gaskiya, sai dai yawancin masu zuwa shagona ba HDMI suke amfani da ita ba, wayar haske ce, mai jan haske a bakinta. Wannan waya PCM na tashoshi biyu kacal take ɗauka. Idan ana son 5.1 a kanta, dole a tura Dolby Digital ko DTS a ƙulle, waɗanda an rage musu wani abu wajen matsewa, domin Dolby Digital bai wuce kilobit 640 a daƙiƙa ba. A irin wannan hali bambancin a fili yake, amma waya ce ta jawo shi. TrueHD da DTS-HD ba sa bi ta cikinta sam, sai HDMI 1.3 da ta fito a 2006 ko wadda ta biyo baya.

Alhaji:
Malam mai gyara, tawa HDMI ce, kuma Windows ɗina a kan 5.1 yake. Duk da haka ina jin bambanci.

Injiniya:
To, Alhaji, saura batun ƙara, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Idan aka saurari sauti iri ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, kunne yakan ɗauki mai ƙarar a matsayin wanda ya fi tsabta da cika. Hanyoyin biyu kuwa ba lallai su fito da ƙara ɗaya ba. A Dolby, alal misali, akwai lambar daidaita ƙarar magana a cikin sautin, fina-finai da yawa suna ɗauke da -27, amfilifaya kuma ta rage desibel (ma'aunin ƙara) 4 domin ta kai -31, alhali wata manhajar ba ta bin wannan umarni. Haka kuma tashar wufa tana buƙatar ƙarin desibel 10 wajen kunnawa, kuma an sha samun na'urorin da ba sa ƙara shi daidai idan PCM ne ya shigo. Duk wannan da saiti ake gyara shi.

Malama, Federal Low-cost:
Injiniya, ni ina tare da Alhaji a wuri guda. Dolby Atmos da DTS:X suna ɗauke da bayanin inda kowane sauti zai fito a ɗaki, har da lasifikun sama, kuma idan manhajar kallo ta warware su zuwa PCM wannan bayanin yakan salwanta, 7.1 (lasifika bakwai da wufa) kawai ke isa. Mai lasifika a silin ba shi da zaɓi, a ƙulle zai tura.

Injiniya:
Wannan haka yake, Malama, ban ja ba. Sai dai Alhaji lasifika biyar da wufa gare shi. Shawarata, ranka ya daɗe, a kashe fanka da janareta, a auna ƙarar hanyoyin biyu da sautin gwaji har su zo daidai, sannan wani ya riƙa sauyawa an rufe fuskar amfilifaya da ƙyalle, kai kuma ka faɗi wanne ne wanne sau goma.

Alhaji:
Na amince, da sharaɗin ni zan zaɓi fim ɗin da wurin da za a saurara, kuma mai gyara ne zai riƙe rimot, ba Injiniya ba. Ranar Asabar bayan La'asar, in sha Allah.