Neman shawara: in karanci gudanar da kasuwanci a jami'a, ko in zauna a shagon Baba?

Mai tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama sakandare bara, yanzu ina zama a shagon mahaifina a kasuwar Singa, muna sayar da kayan masarufi a sari, su taliya da sukari da man girki da sabulu. Ina so in cike JAMB bana in nemi kwas ɗin gudanar da kasuwanci a BUK ko ABU. Baba bai hana ni karatu ba, amma ya ce in dai kasuwanci ne ga shi nan a gabana, wa ya taɓa zaunar da Alhassan Dantata a aji? Wai in karatun zan yi, in nemi wanda ba a samu a kasuwa, kamar lauya ko akanta. Yayana kuma ya ce kwas ne na waɗanda suka rasa gurbi a wani wuri. Ga wata matsalar: D7 na samu a lissafi a WAEC, sauran duk ina da kiredit har da Ikonomiks. Masu sani ku taimaka, me ake koyarwa a ciki takamaimai? Kuma yana da amfani ga wanda ba aikin ofis yake nema ba?

Baban Khadija:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye gardamar Baba a gefe tukuna, wannan D7 ɗin ita ce a gabanka. Ba za a ba ka gurbi a wannan kwas ba sai da kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da lissafi da Ikonomiks. A JAMB ɗin ma lissafi yana cikin darussa huɗun da za ka rubuta: Ingilishi, lissafi, Ikonomiks, sai ɗaya daga irin su Gwamnati ko Kwamas. Ka sake zama NECO ko WAEC ta 'yan waje ka gyara. Yawancin jami'o'i suna karɓar sakamakon zama biyu, amma ka duba kundin JAMB na bana ka tabbatar da sharaɗin wadda ka zaɓa. Kuma kada ka ce a nemo maka kiredit ta bayan gida, don lissafin yana nan yana jiranka a aji ɗaya da aji biyu, shi da ƙididdiga da akantin. Su ne suka fi kayar da yara.

Ɗan Kwari:
Ni dai ina bayan Alhaji. Mu nan Kwari masu digiri nawa ne suke yi wa wanda ko firamare bai gama ba yaron shago? Shekara huɗu za ka ɓata, ka dawo ka tarar sa'anninka an sallame su, kowa da shagonsa. Ka riƙe Baba ka samu albarka.

Maman Sadiq:
Ɗan Kwari, gaskiyarka rabi ce. Ni kwas ɗin na karanta a ABU Zariya, zamanin muna harabar Kongo, yanzu kuma atamfa da leshi nake sayarwa, don haka duka biyun na taɓa.

Ɗana, abin da aji ba zai koya maka ba yana da yawa, kuma duk yana wurin Baba: sanin wanda za ka ba bashi da wanda za ka yi wa murmushi ka hana, lokacin da ake cika sito da lokacin da ake sakin kaya, yadda ake magana da dila. Babu lakcaran da zai ba ka wannan. Amma akwai abin da kasuwa ba ta cika koyarwa ba, kuma shi ne yake cin manyan shagunan gidajenmu.

Bari in ba ka misali da kayanku. Ka saro katan ɗin taliya a kan naira 10,000, ka bayar bashi a 10,500, mutumin bai biya ba sai bayan wata biyu. Ranar da ya kawo kuɗin, kamfani ya mayar da katan 11,500. A baki ka ci ribar 500. Amma kuɗin hannunka ba zai sake sayo maka katan ɗin nan ba, sai ka cika 1,000. Ga ciniki kullum, ga kuɗi suna shiga, sito kuwa yana ramewa. Bayan cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma da yawa a haka jarinsu ya narke ba tare da an sace musu ko sisi ba. A aji za a zaunar da kai a nuna maka bambancin riba da kuɗin da ke hannu, da yadda ake lissafin tsawon kwanakin da kuɗinka yake yi a hannun mutane, da nawa za ka sayar a wata kafin ka fitar da haya da dako da albashin yara.

Na biyu, ka duba gidajen kasuwanci nawa ne a Kano suka watse da zarar mai gidan ya rasu. Komai a kansa yake: wa yake bi, wa ke binsa, nawa ne na cefane, nawa ne uwar kuɗi. Ba littafi, ba rajista, aljihun gida da na shago ɗaya ne. Ana gama sadakar bakwai sai rabon gado, a raba jarin gida goma sha. A kwas ɗin akwai dokar kasuwanci, za ka san bambancin yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da kafa kamfanin da yake tsaye da kansa ko mai shi ba ya raye. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Sauran darussan su ne tallata haja, kula da ma'aikata, sarrafa kuɗi, sai furojet a aji huɗu. Wasunsu hadda ce kawai, littattafan ma misalan kamfanonin Amurka ne cike da su, kai ne za ka riƙa juyo da su kan Singa.

Kuma in za ka mayar wa Baba magana, cikin ladabi, ka tuna masa Aliko Dangote jinin gidan Dantatan ne, kuma harkar kasuwanci ya je ya karanto a jami'ar Azhar ta Alƙahira kafin ya dawo ya fara.

Ɗan Kwari:
Hajiya, da ya dawo ɗin kawunsa ne ya ba shi jari, ba Azhar ba.

Maman Sadiq:
To ai shi ma wannan yaron ga shagon ubansa. Shi ya sa na ce kwas ɗin ya fi dacewa da irinsa a kan wanda zai gama ya fito da takarda kawai.

Abu Safwan:
Maganar yayanka ba a banza ya yi ta ba, sai dai ya juya ta. Ba wai ba a rububin kwas ɗin ba ne, ana yi sosai, jami'a da kwalejin fasaha da ba sa yin sa kaɗan ne. Matsalar ita ce masu takardar sun yi yawa, kuma kwas ne mai faɗi: ka taɓa komai, ba ka ƙware a komai ba. Wanda zai nemi aikin banki ko kamfani da shi sai ya dage ya fita da maki 3.50 zuwa sama cikin 5.00, ya kuma gama da ƙuruciya, don masu ɗaukan sababbin ma'aikata suna sa iyakar shekaru. Shawarata, tunda Baba yana son akanta, ka haɗa biyun. Ƙungiyar akantoci ta ICAN tana da matakin farko da ake kira ATS, ana shiga da sakamakon sakandare, kana jami'a kana rubutawa. Sannan ka iya manhajar lissafi ta Excel da kyau tun kana aji ɗaya. Na ga masu digirin da ba su iya haɗa teburin kaya a kwamfuta ba, abin kunya.

Ummu Hani:
A faɗa masa kuma zai yi lissafin kuɗin ruwa a aji, kada ya je ya ji wani iri. Sanin yadda ake lissafa shi daban, cin sa daban, kuma wanda bai san shi ba ne ake yi wa wayo a takardar bashi. In ma ɓangaren Musulunci yake so, BUK tana da cibiya guda ta harkar banki da kuɗi na Musulunci don ƙarin karatu, ga bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba misalin taliyar nan, ya yi dariya ya ce shi tuni ya daina ba da bashin da ya wuce sati biyu, amma bai ƙara cewa komai kan karatun ba. To in na gyara lissafin, wanne ya fi, in yi na cikakken lokaci ko na ƙarshen mako don kada in bar shago?

Baban Khadija:
In kana son bautar ƙasa, na cikakken lokaci za ka yi, don masu karatun ƙarshen mako ba a tura su, takardar cirewa ake ba su. Tunda a Kano kake, ka sa BUK a zaɓin farko, kana kwana a gida, Asabar da hutu kana shago. Ka kuma shirya wa ranka cewa shekara huɗun tana iya ƙaruwa, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kuɗin rajista in ya yi nauyi akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa. Amma duk wannan sai an samu kiredit ɗin. Ka nemi malamin lissafi a unguwarku tun wannan satin, ka karɓi littafin bashin shagon daga hannun Baba ka riƙa yin atisaye da shi.