Muhawara: Ko a yi dokar duniya da za ta hana sukar addini?

Alhajin Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i mun yi ta ja-in-ja a majalisarmu ta bakin kasuwa, na ce zan kawo maganar nan tunda akwai masana a cikinmu. Ni dai a ganina ya kamata Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi doka guda mai hukunci, wadda za ta hana kowa sukar addinin wani a ko'ina yake. Ranar Babbar Sallah ta 2023 aka ƙona Alƙur'ani a ƙofar babban masallacin Stockholm a Suwidin, da izinin 'yan sanda. Har yau idan na tuna zuciyata tafasa take. Wane irin 'yancin faɗin albarkacin baki ne wannan?

Baristan Kongo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da kake nema an daɗe ana gwada shi. A 1999 Pakistan ta kai ƙuduri kan ɓatanci ga addini gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar, a madadin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Kowace shekara ana amincewa da shi har 2010, amma masu goyon baya sai raguwa suke, kuma ƙuduri ba doka ba ne, ba ya ɗaure kowa. A Maris 2011 ƙasashen OIC da na Yamma suka haɗu a kan ƙuduri mai lamba 16/18, wanda ya ajiye batun kare addini, ya koma kare mutumin da ake tsangwama saboda addininsa. Bayan abin Suwidin kuwa, ranar 12 ga Yuli 2023, an sake kaɗa ƙuri'a a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar kan neman ƙasashe su hukunta irin wannan aiki: 28 suka yarda, 12 suka ƙi, 7 suka ƙaurace. Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus na cikin waɗanda suka ƙi.

Ɗan Samaru: To Yaya Barista, ai ka ba Alhaji hujja da kanka. Faransan da ta ƙi, tun 1990 take da dokar da ke hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Jamus ma tana ɗaure mutum a kan haka. Ban ce dokar ba ta da dalili ba. Amma kenan sun san magana tana da iyaka. Idan ciwonsu ne a sa iyaka, idan namu ne a ce 'yanci.

Baristan Kongo: Ƙanena, a nan ba ni da ja, son kai yana nan ƙuru-ƙuru. Sai dai su ma bakinsu ba ɗaya ba ne. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2018 ta tabbatar da tarar Yuro 480 da Ostiriya ta ci wata mata kan kalaman da ta yi game da Manzon Allah (SAW). Danmak ta soke dokar saɓo a 2017, sai ga shi a Disamba 2023 ta yi sabuwar doka: wanda ya wulaƙanta littafi mai tsarki a bainar jama'a zai iya shan ɗaurin shekara biyu.

Alhajin Sabon Gari: Madalla da Danmak. Abin da nake so kenan, a faɗaɗa shi ya game duniya.

Malamin Kwarbai: Alhaji, Allah ya saka maka da kishin addini, amma ka gyara lafazinka. Da farko ka ce "suka", yanzu kuma kana yabon dokar da ta hana wulaƙanta littafi. Ba abu ɗaya ba ne. Zagi haramun ne a wurinmu tun kafin a kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945: aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Amma suka da raddi, ai aikinmu ne na kullum. Duk azumi a tafsiri muna karanta aya ta 157 a Suratun Nisa'i, cewa ba a gicciye Annabi Isa (AS) ba. Ka tambayi 'yar uwarmu ta Wusasa ko hakan bai taɓa ginshiƙin addininta ba. Idan aka yi dokar duniya ta hana sukar addini, alƙali a wata ƙasa zai iya ɗaure malami a kan wannan ayar, kuma dokarka ce ta ba shi wuƙa da nama.

Antin Wusasa: Gaskiya ne, Malam. Mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa su ne tushen bangaskiyarmu. Ina jin tafsirin a lasifika tun ina yarinya, kuma ban taɓa son a rufe bakin malami ba, don ni ma ina so fasto ya faɗi abin da muka gaskata ba tare da fargaba ba, alhali a kunnen Musulmi wani ɓangarensa saɓo ne. Ina sakandare a Maris 1987 lokacin da rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan kan zargin wani mai wa'azi ya taɓa Alƙur'ani. Kwanaki kaɗan wutar ta iso Zariya, aka ƙona coci-coci da dama. Mu da ba mu ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba muka kwana a gidan maƙwabcinmu Musulmi, shi da 'ya'yansa suna tsaye a zaure har gari ya waye. Ba na manta alherin bawan Allahn nan. Shi ya sa idan na ji kalmar ɓatanci, gabana ke fara faɗuwa, domin na ga abin da zargi kaɗai ke iya yi kafin kowa ya bincika.

Alhajin Sabon Gari: Allah ya kiyaye gaba, Anti. Amma abin da kika faɗa ne hujjata. Mutane na ɗaukar doka a hannu ne saboda sun ga ba wanda zai bi musu kadi. Dubi Kaduna a Nuwamba 2002, rubutu ɗaya a jarida kan gasar sarauniyar kyau, sama da mutum 200 suka mutu. Da ana tsoron hukunci, da ba a rubuta ba.

Baristan Kongo: Alhaji, ka yi haƙuri, a nan ne na fi saɓa maka. Muna da dokar tun tuni. Sashe na 210 na kundin Penal Code na Arewa ya haramta cin zarafin addini, sashe na 204 na Criminal Code ma haka a Kudu. Duk da haka an kashe ɗaliba a kwalejin ilimi a Sakkwato a Mayu 2022, an kashe wani mahauci Musulmi a garin a Yuni 2023, duk a kan zargi, ba wanda ya jira alƙali. Pakistan tana da hukuncin kisa kan ɓatanci ga Annabi (SAW) a sashe na 295-C na dokarta, amma kisan gayya bai tsaya ba. A Janairu 2011 gwamnan Punjab, Salman Taseer, mai tsaron lafiyarsa ne ya harbe shi saboda gwamnan ya soki yadda ake amfani da dokar. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne hukunta wanda ya kashe da wanda ya tunzura.

Ɗan Samaru: Kenan mu zuba ido a yi ta cin mutuncinmu?

Baristan Kongo: A'a. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da siyasa ta 1966, wadda Najeriya ta shiga a 1993, sashe na 20 ya wajabta wa ƙasashe hana yaɗa ƙiyayyar addini da ta kai ga tunzura wariya ko tashin hankali. Tsarin Rabat na 2012, jagorar da masanan Majalisar suka fitar, ya ba da ma'auni shida na gane maganar da ta kai ga tunzurawa: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗa, iya inda ta kai, da yiwuwar ta jawo ɓarna. Ni a ganina mai ƙona Alƙur'ani a ƙofar masallaci ranar Idi ba muhawara ya zo yi ba, ya zo ne ya tsorata masu shiga salla, kuma da wannan ma'auni za a iya gurfanar da shi.

Malamin Kwarbai: Ɗana na Samaru, bari in ƙara maka da tarihinmu. Sarkin Gobir Nafata ya yi doka a zamanin Shehu Usmanu: ba mai wa'azi sai Shehu, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, ba rawani ba lulluɓi. Shi ma yana ganin tsari yake karewa. Ƙarshenta sai da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ko a cikin gidanmu, tun kafa Izala a 1978 ake raddi tsakaninta da 'yan ɗariƙa, kowa na ganin ɗan uwansa ya taɓa addini. A cikin garin nan kaɗai ka san ɓangarori nawa muke da su. Wa za ka ba alƙalamin ya rubuta wane ne ya yi ɓatanci?

Alhajin Sabon Gari: Malam, na janye kalmar suka, na yarda ta yi faɗi. Amma ƙona littafi da zagin Annabawa, a nan ina kan bakana, ko ya tunzura wani ko bai tunzura ba. Barista, ma'aunin naka zai kama wanda ya zagi Annabi (SAW) a rubuce yana zaune a ɗakinsa?

Baristan Kongo: Sau da yawa ba zai kama shi ba, Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Kuma abin yana min ciwo kamar yadda yake maka.

Alhajin Sabon Gari: To a nan muka rabu. Malam, ranar Juma'a bayan an sauko zan biyo ta Kwarbai, ina so ka buɗe min tafsirin ayar nan ta An'am in gani da idona.

Malamin Kwarbai: Allah ya kai mu. Ka taho da ɗana na Samaru.